Labarin Ƙasa da Aikin Gwamnati: Zaɓin Da Ake Yi Tun Daga Babbar Sakandare

A farkon shekarar 2025 Hukumar Kula da Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ta buɗe shafinta na ɗaukar sababbin ma'aikata, dubban ɗaruruwan matasa kuma suka yi rububin cike takardar neman aiki. Duk wanda ya nutsu ya karanta jerin guraben da aka tallata zai ga cewa kowane gurbi an ɗaure shi da irin karatun da ake buƙata. Mai neman aikin safiyo sai ya zo da shaidar karatun safiyo, mai neman aikin tsara birane sai ya zo da tasa. Da yawa daga cikin masu neman aikin a ranar ne suka fahimci cewa ƙofar da ta buɗe musu, da wadda ta rufe, an yanke hukuncinsu tun suna 'yan shekara 15 ko 16, a lokacin da suka zaɓi darussan da za su ɗauka a aji ɗaya na babbar sakandare.

Labarin ƙasa, wanda ɗalibai suka fi kira jogirafi, yana cikin darussan da wannan zaɓi ya fi shafa, domin ba ya cikin darussan dole kamar Turanci da lissafi. Ɗalibi na iya ɗaukarsa, yana kuma iya barinsa. A birni irin Jos, inda hukumomin tarayya masu aiki da taswira da ma'adinai da hotunan tauraron ɗan Adam suke da mazauni, tambayar ko a ɗauki darasin ko a bar shi tana da nauyi fiye da yadda iyaye da yawa suke zato.

Yadda tsarin yake a Indiya da kuma Najeriya

Matasan da ke bincike a intanet kan jarrabawar shiga aikin gwamnati sukan ci karo da ɗimbin bayanai kan zaɓen labarin ƙasa a matsayin darasin ganin dama. Mafi yawan waɗannan bayanai daga Indiya suke fitowa. A can, hukumar ɗaukar manyan ma'aikata ta ƙasa, wadda ake kira UPSC, tana shirya jarrabawa mai matakai uku a kowace shekara: ta share fage, da babbar jarrabawa ta rubutu, sai kuma ganawar baki da baki. A babbar jarrabawar, kowane mai neman aiki yana zaɓar darasi ɗaya daga dogon jeri, ya rubuta takardu biyu a kansa, kowace mai maki 250. Wato maki 500 ke nan daga cikin 1,750 na rubutu da ake ƙirgawa. Labarin ƙasa na cikin darussan da suka yi farin jini a wannan jeri, saboda wani ɓangare nasa yana sake fitowa a takardun ilimin gama-gari, kuma wanda ya karanta injiniya ko likitanci yana iya zaɓarsa ko da bai yi digiri a kansa ba.

Tsarin Najeriya ya sha bamban. Hukumar Kula da Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, wadda aka kafa a 1954 kuma sashe na 153 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da ita, ba ta bai wa mai neman aiki jerin darussa ya zaɓa a ɗakin jarrabawa. Mutum yana neman gurbin da ya dace da takardunsa, a tantance shi, ya zauna jarrabawa a kwamfuta, sannan a gana da shi. Mai digirin farko da ya kammala hidimar ƙasa, ko ya samu takardar ɗauke masa ita, yakan fara ne a mataki na 08. Bayan shekara biyu na gwaji sai ya ci jarrabawar tabbatarwa, wadda ta fi karkata ga dokokin aikin gwamnati da ƙa'idojin kashe kuɗi da tsarin ofis. Daga nan ƙarin girma yana zuwa ne bayan shekara uku-uku tsakanin mataki na 07 da na 14, da shekara huɗu-huɗu daga mataki na 15 zuwa na 17.

Saboda haka abin da ɗan Indiya yake zaɓa yana ɗan shekara ashirin da wani abu, ɗan Najeriya ya riga ya zaɓe shi a wurare biyu: ranar da ya rubuta darussansa na jarrabawar WAEC ko NECO, da ranar da ya cike takardar JAMB. A jarrabawar JAMB darussa huɗu kawai ake zaunawa, Turanci na dole da wasu uku, jimillar maki 400. Kowane darasi da aka saka a cikin ukun nan ya kore wani. Shi ya sa Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da darasin yake buƙata

Akwai wani zato da ya yaɗu a tsakanin ɗalibai, cewa labarin ƙasa darasi ne na haddar sunayen koguna da manyan birane, mafaka ga wanda ya gudu daga lissafi. Wanda ya shiga da wannan zato yakan sha mamaki a ɗakin jarrabawa. A WAEC darasin yana da takardu uku: ta cike gurbi da zaɓin amsa, da ta rubutu kan al'umma da tattalin arziki da yankuna, musamman Najeriya da Afirka, sai ta uku kan yanayin ƙasa da aiki a aikace. A wannan ta ukun ne tambayar karanta taswira take, kuma ta dole ce, babu tsallake ta.

Karanta taswira kuwa lissafi ne tsantsa, sai dai mai sauƙi ga wanda ya saba. A taswira mai ma'aunin 1:50,000, santimita 2 a kan takarda daidai suke da kilomita 1 a ƙasa. Idan ɗalibi ya auna santimita 9 tsakanin wata gada da wata makaranta, tazarar kilomita 4.5 ce. Idan layukan da ke nuna tsayin ƙasa suka nuna cewa wani ƙauye ya fi wani tudu da mita 100, tsakaninsu kuma kilomita 2 ne, to gangaren ya zama 1 cikin 20, wato duk tafiyar mita 20 ana hawa mita 1. Irin wannan lissafi ne injiniyan hanya da mai tsara magudanar ruwa suke fara yi kafin a sari ƙasa.

Haka nan lissafin lokaci. Duniya tana juya digiri 15 a cikin awa guda, wato minti 4 a kowane digiri. Maiduguri tana wajen digiri 13 gabas, Sakkwato tana wajen digiri 5. Bambancin digiri 8 ya ba da kimanin minti 32, kuma wannan ne dalilin da ya sa mai azumi a Maiduguri yake shan ruwa kusan rabin awa kafin ɗan'uwansa na Sakkwato, alhali agogonsu ɗaya ne. Ɗalibin da irin wannan bayani yake burge shi, ya samu darasinsa. Wanda kuwa ganin rula da ma'aunin kusurwa yake sa shi gumi, ya kamata ya san cewa zai haɗu da su tun daga sakandare har ƙarshen digiri, inda ƙididdiga da aikin kwamfuta suke ƙaruwa a kai.

Jos a matsayin aji

Ɗalibin Jos yana da wata dama da takwarorinsa na wurare da yawa ba su da ita, domin babi-babi na littafin darasin a shimfiɗe suke a gabansa. Birnin yana kan tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, duwatsun Shere da ke gabashinsa kuma sun haura mita 1,800. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyos a duk hawan mita 1,000. Kano tana kan tsayin da bai kai mita 500 ba, saboda haka tsayi kaɗai ya isa ya sa Jos ta fi ta sanyi da digiri huɗu zuwa biyar. Wannan sanyi ne ya sa dankalin Turawa ya karɓi ƙasar Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, har jihar ta zama kan gaba wajen noma shi a Najeriya, kuma shi ne ya sa kabeji da karas da sauran kayan lambu na Filato suke cika kasuwannin ƙasar nan.

Ruwan sama ma yana da bayaninsa. Iskar damina mai ɗauke da laima tana tasowa daga kudu maso yamma, ta ci karo da bangon tsaunin, ta hau, ta huce, ta zubar da ruwa. Shi ya sa gefen kudu maso yamma, wajen magangarar ruwa ta Assop a kan hanyar Akwanga, ya fi gefen arewa maso gabas samun ruwa da duhun itatuwa. Daga kan wannan tudu kuma koguna suke rabuwa zuwa manyan kwaruruka uku. Kogin Kaduna yana gangarawa ya faɗa Neja. Gongola da Mada suna ƙarewa a Binuwai. Kogin Dilimi, wanda ya ratsa tsakiyar Jos, yana bi ta ƙasar Bauchi ya shiga tsarin kogin Jama'are, wanda ruwansa yake nufar Tafkin Chadi ta Komadugu Yobe. Manomin fadama a Katagum yana da ruwa da tsaki a abin da ake yi wa Dilimi a Jos, ko da bai taɓa taka birnin ba.

Wanda yake son ganin aikin aman wuta na zamanin da, sai ya nufi Panyam da Kerang a ƙaramar hukumar Mangu, inda tsaunuka masu siffar mazurari suke jere, ko ya je Wase ya ga dutsen da ya tsaya shi kaɗai a fili. Duwatsun Riyom da suke ɗore a kan juna kuma darasi ne kan yadda rana da ruwa da iska suke cin dutse a hankali.

Sai babin ma'adinai. Mutanen yankin sun daɗe suna haƙar kuza suna narkarwa kafin zuwan Turawa, amma haƙa ta kamfanoni ta kankama ne a farkon ƙarni na 20. Kuzar ce ta jawo ƙaramin layin dogo daga Zariya, wanda ya iso a 1914, da babban layi daga Kafanchan a 1927, da tashar wutar lantarki ta ruwa a Kurra, da kuma dubban ma'aikata daga ƙasar Hausa da Barno da kudancin Najeriya, waɗanda zuriyarsu take zaune a Jos da Bukuru har yau. A wuraren haƙar kuza aka fara tono gumakan yumɓu na al'adar Nok, waɗanda suka sa aka gina gidan tarihi na Jos a 1952. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, kamfanoni suka ja baya, aka bar ramuka da kududdufai da tarin ƙasa birjik a Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi. Wasu kududdufan sun zama abin ban ruwa ga masu noman rani, wasu kuma sun ci rayukan mutane da dabbobi. Tantance yawansu da zurfinsu, da sanin wanda za a cike da wanda za a amfana da shi, aiki ne na gwamnati da ke jiran masu iya taswira.

Abin da rashin wannan ilimi yake jawowa ma Jos ta gani. A watan Yulin 2012, bayan ruwan sama mai ƙarfi, ambaliya ta afka wa unguwannin Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, ta hallaka fiye da mutum 30, ta rushe gidaje masu yawa. Akasarin gidajen da abin ya shafa a bakin hanyar ruwa suke. Taswira mai nuna tsayin ƙasa tana iya nuna inda ruwa zai bi tun kafin hadari ya haɗu, amma sai an samu ma'aikacin da ya iya karanta ta, da hukumar da za ta saurare shi.

Ƙofofin da darasin yake buɗewa

A cikin Jos kanta akwai Cibiyar Nazarin Ƙasa Daga Nesa ta Ƙasa, wadda take ƙarƙashin hukumar sararin samaniya ta NASRDA. Aikinta shi ne sarrafa hotunan tauraron ɗan Adam domin lura da gonaki da dazuzzuka da ruwa da faɗaɗar birane. Najeriya ta harba tauraronta na farko mai ɗaukar hoton ƙasa, NigeriaSat-1, a watan Satumban 2003, ta ƙara biyu a 2011. A birnin ne kuma Cibiyar Nazarin Haƙar Ma'adinai da Kimiyyar Ƙasa take, da Cibiyar Bunƙasa Sarrafa Ƙarafa, da Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya. A Kuru akwai Kwalejin Fasahar Albarkatun Ƙasa ta Tarayya. A matakin jiha akwai ma'aikatar filaye da safiyo da tsara birane, da hukumar PLAGIS mai adana bayanan filaye a kwamfuta, da hukumar raya birnin Jos.

A matakin ƙasa, Hukumar Ƙidaya ba ta iya ƙirga mutum ko ɗaya sai ta fara yanka ƙasar gaba ɗaya zuwa ƙananan yankunan ƙirga, kowane da taswirarsa. Ƙidayar ƙarshe da aka yi ita ce ta 2006, wadda ta ba da mutum miliyan 140 da ɗoriya, kuma a shirin ƙidayar da aka ɗage a 2023 an yi wannan yanka ne da hotunan tauraron ɗan Adam da na'urorin hannu. Hukumar Zaɓe ta INEC ta ƙara yawan rumfunan zaɓe zuwa 176,846 a 2021, kuma sanin inda kowace rumfa take da tazararta daga masu zaɓe aikin taswira ne. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya, hukumar NEMA kuma tana dogara da su wajen shirin agaji. Ambaliyar 2022 da ta ci rayuka fiye da 600 a faɗin ƙasa, da ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a Maiduguri a Satumban 2024, da ambaliyar Mokwa a Mayun 2025, duk sun nuna girman buƙatar.

Akwai kuma Hukumar Kula da Iyakoki ta Ƙasa da Ofishin Babban Jami'in Safiyo na Tarayya. Wanda yake ganin taswira takarda ce kawai, sai ya tuna shari'ar Bakassi. Hukuncin da Kotun Duniya ta yanke ranar 10 ga Oktoban 2002 ya dogara ne ƙwarai a kan tsofaffin yarjejeniyoyi da taswirorin zamanin mulkin mallaka, kuma a kansa ne Najeriya ta miƙa yankin ga Kamaru a 2008. A cikin gida ma, rikicin iyakar gona da burtali da makiyaya, wanda Filato ta ɗanɗana ɗacinsa, yakan yi tsanani a inda babu rubutacciyar iyaka da kowa ya yarda da ita.

Ya kamata mai neman aiki ya san cewa yawancin waɗannan hukumomi suna ɗaukar ma'aikatansu ne da kansu, ƙarƙashin sa idon Hukumar Raba Daidai ta Tarayya. Hukumar Kula da Ma'aikata ta fi kula da ma'aikatun gwamnati da ofisoshin da ke ƙarƙashinsu kai tsaye. Jihohi kuma kowace tana da tata hukumar. Saboda haka mai digirin labarin ƙasa yana da wurare da dama da zai sa ido a kansu. Neman aiki ta shafin hukuma kyauta ne, duk wanda ya nemi kuɗi don ya sayar da gurbi mazambaci ne.

Ƙofofin da ba ya buɗewa shi kaɗai

A nan ne ɗalibai da yawa suke tuntuɓe. Digirin labarin ƙasa ba ya mayar da mutum jami'in safiyo mai rajista, domin wannan yana hannun majalisar SURCON, wadda take da nata sharuɗɗan karatu da jarrabawa. Ba ya mayar da mutum mai tsara birane mai rajista sai ya cika sharuɗɗan majalisar TOPREC, abin da yakan buƙaci ƙarin karatu a fannin tsara birane. Aikin masanin duwatsu da ma'adinai yana ƙarƙashin majalisar COMEG, karatunsa kuma yana tsaye ne a kan kimiyyar sinadarai da fiziks da lissafi. Nazarin yanayi ma haka yake, tushensa lissafi ne da fiziks. Ko koyarwa, wadda ita ce ta fi ɗaukar masu wannan digiri, tana buƙatar shaidar horon malanta da rajista da majalisar TRCN.

Ma'anar wannan ita ce darajar labarin ƙasa a takardar sakandare tana rataye ne da darussan da aka haɗa shi da su. Ɗalibin da ya haɗa shi da lissafi da fiziks da kimiyyar sinadarai yana iya nufar safiyo, ko nazarin yanayi, ko tsara birane, ko labarin ƙasa kansa. Wanda ya haɗa shi da lissafi da tattalin arziki yana iya nufar tsara birane ko labarin ƙasa a ɓangaren nazarin zamantakewa. Wanda ya ɗauke shi ba tare da kiredit a lissafi ba, ya taƙaita wa kansa hanya tun kafin ya fara.

Jami'o'i ma ba su ajiye darasin a wuri ɗaya ba. A Jami'ar Jos, wadda ta fara a matsayin reshen Jami'ar Ibadan a 1971 ta kuma tsaya da ƙafarta a 1975, sashen labarin ƙasa da tsare-tsare yana cikin tsangayar nazarin muhalli. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana cikin ɓangaren kimiyya. A Jami'ar Bayero ta Kano yana cikin tsangayar kimiyyar ƙasa da muhalli. Wannan bambanci yana shafar darussan da kowace jami'a take nema, don haka wajibi ne a karanta kundin bayanin kwasa-kwasai na JAMB na shekarar da ake ciki kafin a cike takarda. Jin ta bakin wanda ya shiga jami'a shekara biyar da suka wuce bai wadatar ba, domin sharuɗɗa suna sauyawa. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya tambayi wanda ya sani.

Amfaninsa ga ma'aikaci kowane iri

Ko wanda zai karanta shari'a ko aikin jarida ko mulki yana da riba idan ya ɗauki darasin a sakandare. Tambayoyin ilimin gama-gari da al'amuran yau da kullum da ake yi a jarrabawar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma sukan taɓo jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, da maƙwabtan Najeriya, da ma'adinai da amfanin gona na kowane yanki, da madatsun ruwa irin su Kainji da Shiroro da Zungeru. Wanda ya koyi waɗannan da dalilansu ba ya buƙatar haddar dare ɗaya. Bayan jarrabawa kuma, jami'in mulki da aka tura ya zaɓi inda za a gina asibiti ko a haƙa rijiyar burtsatse, yana yanke hukunci ne a kan tazara da yawan jama'a da yanayin ƙasa, ko ya san sunan ilimin ko bai sani ba.

Tarihi ya nuna cewa masu mulki a ƙasar nan sun daɗe da sanin haka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bayyana ƙasashe da al'ummomin wannan yanki a littafinsa Infaƙul Maisuri, kuma a 1824 ya bai wa Baturen nan mai yawon bincike, Hugh Clapperton, taswirar ƙasashen da kogin Kwara, wadda aka buga a Ingila bayan shekara biyu. A zamaninmu, Farfesa Akin Mabogunje, wanda aka haifa a Kano a 1931, ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta duniya. Ya yi aiki a binciken share fagen gina Abuja, ya jagoranci kwamitin shugaban ƙasa kan gyaran tsarin mallakar filaye a 2009, ya karɓi lambar Vautrin Lud, mafi girma a fannin, a 2017, kafin rasuwarsa a 2022. Farfesa Jerry Gana ma daga sashen labarin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello ya fito kafin ya riƙe muƙaman minista.

Kafin a yanke shawara

Abu na farko da iyaye za su bincika shi ne ko makarantar tana da malamin darasin na dindindin, da taswirori na ainihi da ɗalibai suke taɓawa da hannunsu. Makarantar da take koyar da karanta taswira a kan allo kawai tana tura ɗalibanta su fuskanci tambayar dole ba tare da shiri ba. Ɗalibin Jos zai amfana ƙwarai idan ya samu taswirar Naraguta, wadda ta ƙunshi birnin da kewayensa, ya hau wani tudu da ita a hannu, ya daidaita abin da ke takarda da abin da idonsa yake gani. Gani ya kori ji.

Abu na biyu shi ne a riƙe lissafi da muhimmanci daidai da labarin ƙasa, domin shi ne mabuɗin kusan dukkan guraben fasaha da aka ambata. Na uku, wanda ya riga ya shiga jami'a ya sani cewa masu ɗaukar aiki a yau suna tambayar abin da mutum ya iya yi da kwamfuta: sarrafa bayanan ƙasa da tsarin da aka fi sani da GIS, fassara hoton tauraron ɗan Adam, da ɗaukar ma'aunin wuri da na'urar GPS. Manhajar QGIS kyauta ce, hotunan taurarin Landsat na Amurka da Sentinel na Turai ma kyauta ake sauke su. Ɗalibin da ya kammala digiri da taswirar kududdufan kuza na gundumarsu, ko ta gidajen da ke bakin Dilimi, wadda ya haɗa da kansa, yana da abin nunawa a gaban kwamitin ganawa. Zaman koyon aiki na watanni a ɗaya daga cikin cibiyoyin da ke Jos zai ƙara masa wannan ƙwarewa.

Na huɗu, kada a yi wa yaro alkawarin da babu mai iya cikawa. Guraben gwamnati kaɗan ne idan aka kwatanta da masu nema, kuma babu darasin da yake tabbatar da aiki. Sai dai ƙwarewar taswira tana da kasuwa a wajen gwamnati ma: kamfanonin sadarwa da na rarraba wutar lantarki, da ƙungiyoyin agaji, da shirye-shiryen rigakafi, waɗanda suka yi amfani da taswirar ƙauyuka da rugage wajen yaƙi da cutar shan inna a arewacin Najeriya har aka ayyana kawar da nau'inta na daji daga Afirka a 2020.

Ma'aikacin gwamnati yana iya shafe shekara 35 a bakin aiki, ko ya kai shekara 60 da haihuwa, kafin ya yi ritaya. Layin da zai bi a tsawon wannan lokaci yakan samo asali ne daga 'yar takardar zaɓen darussa da ake miƙa wa ɗalibi a makon farko na babbar sakandare, wadda sau da yawa ake cikewa cikin gaggawa, bisa abin da aboki ya zaɓa. Ta cancanci iyaye da malamin darasin da ɗalibin su zauna a kanta, da kundin JAMB a buɗe a gabansu, kafin a sa mata hannu.